Ranar da Ƙura Ta Zama Fura

Maigidana mutum ne mai tsabta, tsabta irin wadda take gajiyar da mace. Idan na wanke kofin shayi sai ya ɗaga shi ya duba a haske kafin ya yarda a zuba masa. Malamin lissafi ne a wata makaranta a Wad Madani, haifaffen Hasahisa, Bahaushe gaba da baya, amma Hausar tasa ba ta yin nisa sai ta jingina da Larabci ta huta. Kowa ustaz yake ce masa, ni ma haka nake ce masa idan ina neman tsokana. A shekarar da nake ba da labarinta, kafin yaƙi ya faɗa wa yankinmu na Jazira, ya sayi tab, wayar nan mai faɗin faranti, har da ɗan alƙalaminta mai bakin roba. Tun daga ranar sai in yi ta magana ni kaɗai kafin ya ɗago kai ya ce, "Na'am?"

Babana kuwa yana ƙauyenmu, can bakin tur'a, babbar magudanar da take shayar da gonaki. Manomi ne, amma ni da takarda a hannu na buɗi ido na gan shi. Da la'asar idan ya dawo daga gona sai ya zauna a ƙarƙashin rakuba, rumfar karan da ke tsakar gida, ya yi ta karanta waƙoƙin ajami da ƙarfi, maƙwabta suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Sai yanar ido ta rufe masa gani. Aka yi masa aiki a asibiti, ido ɗaya ya dawo, amma rabin dawowa. Yana ganin mutum, yana ganin jaki, yana ganin ƙofa, rubutu ne dai ya ƙi. Muka sayo tabarau, muka sayo gilashin nan mai ƙara girma, duk a banza. Mutumin da muryarsa take kaiwa har gida na uku ya koma zama shiru a kan angarib, gadon igiyarsa, yana jan carbi. Wallahi shirun nan ya fi ciwon idon damuna.

Akwai wata doguwar waƙa da mahaifinsa ya rubuta, kakana ke nan, wanda Baba yake kira Malam. Waƙar hanya ce, tun daga barinsu gida can yamma har zuwa inda suka sauke kaya a bakin kogin ƙasar nan. Takardun ba a hannun Baba suke ba, suna wurin 'ya'yan yayansa a wani ƙauye kusa da Rusairis, kuma rabonsa da su tun yana da ƙarfinsa. Karin waƙar bai bar kansa ba, amma baitocin sun zube. Sai ya ɗauko baiti, ya kai tsakiya, ya tsaya, ya yi tsaki. Wata rana ina zuba masa shayi ya ce, ba ma ni yake kallo ba, "Da zan ƙara ganin hannun Malam ko sau guda, in karanta shi da kaina, da na huta."

Na dawo Madani da maganar nan a ƙirjina. Na dinga kiran ɗan baffana na Rusairis a waya, ina roƙo, ina lallashi, ina haɗawa da zumunci da komai. Allah ya taimake ni matarsa ta samu ganin likita a Madani, ya taho da takardun naɗe cikin tsohon rawani. Amma ya rantse ba za su kwana a hannun kowa ba, ko da Baba ne, wai amanar mahaifinsa ce. To ko ya ba Baba ma me zai gani? Maigidana ne ya kawo shawara. Muka je wata maktaba kusa da kasuwa, shagon da ake buga takardu, aka ɗora su a injin sikana ɗaya bayan ɗaya. Ɗan baffan nawa yana tsaye a kan mai shagon, duk ganyen da aka ɗaga sai ya ce, "A hankali, ya akhi, a hankali!" Aka zuba hotunan cikin tab, ya naɗe kayansa, ya hau motar Rusairis bai ko tsaya cin abinci ba.

Da muka buɗe su a gida, maigidana ya riƙe baki. Takardun sun yi ja don tsufa, wasu sun fito a karkace, ga tabon ruwa, ga inda gara ta ci gefe, ga ɗige-ɗige ko'ina. Ya ce, "La la la, wannan ba za a kai wa Baba haka ba. Ido mai rauni yana son fari fat da baƙi ƙirin. Ki bar mini." Ni kuwa na bar masa, don gaskiya ya faɗa, kuma na ji daɗin ganin tab ɗin nan za ta yi wani abin kirki a gidan.

Kullum ya dawo daga makaranta ya ci abinci, sai ya baje a tabarma. Ya miƙar da shafin da ya karkace, ya yanke baƙin gefen da injin ya ɗauko, ya ƙara haske har jan ya gudu. Sannan ya buɗa shafin da yatsu biyu, ya ɗauki alƙalamin ya mai da shi magogi, ya bi tabo ɗaya bayan ɗaya yana sharewa. Yana yi yana mita. "Dubi nan, kashin ƙuda. Nan ma kashin ƙuda. Ƙudajen Rusairis duk a kan takardun kakanki suka yi zamansu." Ina wanke-wanke ina dariya. Da ya gama ya nuna mini, na ce ma sha Allah, don shafukan sun yi fari tas kamar jiya aka rubuta. Ni ma makarantar hukuma na yi, rubutun ajami kallonsa kawai nake yi in wuce. Har ferfesun kaza na yi masa ranar don murna.

Saura yadda Baba zai gani. Tab ta yi masa ƙanƙanta, dole sai talabijin. Ta gidan Baba tsohuwa ce mai ƙusumbi a baya, ramukanta uku ne, ja da fari da rawaya, ustaz ya duba ya ce wannan ba ta san an yi tab a duniya ba. Sai muka tuna amaryar ƙanena, da ke zaune a gidan, tana da sabuwar shasha, talabijin mai faɗi marar kauri, cikin kayan ɗakinta. Ko ledar jikinta ba ta cire ba. Na je na zauna a bakin gadonta na yi ta yabon labulenta har ta ce, "Yaya, faɗi abin da ya kawo ki." Na faɗa. Ta yarda, da sharaɗin kada yaro ya taɓa.

Asabar ta farko kunya muka sha. Na riga na gaya wa Baba, abin da har yau nake cewa da na sani na yi shiru. Muka iso muka tarar ya yi wanka, ya sa farar jallabiya, ya naɗa rawani, ya zauna kamar mai jiran baƙi daga nesa. Aka ɗauko shasha, maigidana ya fito da wasla, wayar da za ta haɗa su, wadda ya saya a Hasahisa a kan hanya. Kai ɗaya ya shiga bayan shasha lafiya lau. Ɗayan kuwa ya ƙi shiga tab. Ya juya shi, ya hura ramin, ya sake juyawa, ina! Ba nata ba ne. Baba ya ce, "Ba komi, Ustaz, wata rana," ya warware rawaninsa a hankali ya ninke. A mota na juya wa maigidana ƙeya har Madani, shi ma ya san dalili.

Cikin makon ya zagaye kasuwar Madani da tab ɗin a hammata, sai da ya samu mai shagon da ya gwada masa a gabansa ya ga hoto ya fito. Asabar ta biyu ko waya ban yi ba, muka dira kawai da hantsi. Muka tarar babu wuta. Na zauna a bakin murhu wurin Inna, mahaifiyata, ina taya ta juya kisra, siririyar wainar dawa, raina a jagule. Inna ta ce, "Ke dai da garaje kike tun kina ƙarama. Takardar da ta jira shekaru ba za ta jira wuta ba?" Muna cikin karin kumallo sai fankar ɗakin Baba ta motsa, yaran unguwa suka ɗauki ihu daga wannan gida zuwa wancan, "Kahraba jat! Kahraba jat!" Wuta ta dawo ke nan. Maigidana ya ajiye lomar da ke hannunsa ya miƙe, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

A ɗakin Baba aka kafa ta, saboda ya fi duhu. Ƙanena da maigidana suka ɗauko shasha kamar masu ɗauke da ƙwai, amarya tana biye da su tana cewa, "Ƙofa! Ku kula da ƙofa!" Aka ɗora a tebur, aka jawo angarib ɗin Baba har gabanta. Wasla ta shiga nan, ta shiga can. Shasha ta yi shuɗi ta ce babu komai. Maigidana ya ce, "Dagiga bas," wai minti ɗaya kawai, ya danna rimot, ta kawo tashar labarai. Ya sake dannawa, ta kawo masu ƙwallo. Gumi ya fara tsatso masa a goshi. Ya danna na uku, ta yi baƙi, ta yi ƙifta, sai ga hoto ya cika ta daga gefe zuwa gefe.

Ba takardar Malam ba ce. Maigidana ne da kansa, cikin kwat da baƙin tabarau, ya jingina da wata jar mota da ban taɓa gani ba, ya ɗaga babban yatsa. Hoton da ya ajiye a fuskar tab ɗinsa ke nan, ni na saba da shi ƙarami, amma a shasha sai ya zama ƙato kusan girman mutum. Inna, wadda ko sunansa ba ta faɗa saboda kunyar suruki, ta rufe baki da gyale ta ce, "Ashe mota gare ku ba ku gaya muna ba?" Ƙanena ya faɗi a tabarma. Amarya ta ruga waje tana tuntsira dariya. Maigidana yana ta lalube yana neman inda zai danna, kunnuwansa har rawa suke yi.

Sai Baba ya ce, "Dakata." Ya miƙa wuya, ya karkata kai wajen idon mai gani. "Wanga ai Ustaz ne. Ga gashin baki nan. Kai, ka yi ƙiba a nan ciki!"

Na daina dariya. Gashin baki ya gani. Mutumin da yake gane mu da murya kafin fuska, yau ga shi yana ƙirga gashin bakin surukinsa. Na ce, "Ustaz, don Allah buɗe, buɗe!" Ya buɗe. Shafin farko ya fito a kwance, rubutun yana gangarowa daga sama. Ya juya tab, shafin ya miƙe. Ya sa yatsu biyu ya buɗa, layin farko ya yi ta girma har kowane harafi ya kai tafin hannu.

Baba ya zamo gaba har gwiwarsa ta taɓa tebur. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga hannu ya bi layin a iska, daga dama zuwa hagu, bai taɓa gilashin ba. Ya ce, "Hannunai ne. Dubi yadda yake jan wutsiyar nun. Hannun Malam ne, wallahi." Ni dai ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, kuma ban share ba. Murna nake yi.

Shi ma maigidana murna ta ɗebe shi. Kunyar mota ta wuce, aikinsa ya fito, surukinsa yana gani. Ya gyara murya ya ce, "Baba, na ma koyi karantawa ina cikin gyara. Bari ka ji." Ya gangara ƙasa kaɗan inda ya fi ganewa, ya karanto da ƙarfi, yana jan kowace kalma:

"Mun bi daji babu rijiya babu inuwa,
Mun sha fura har gemunmu ya yi..."

Ya tsaya, don kalmar ƙarshe ta ƙi karantuwa. Baba ya juyo gaba ɗaya ya dube shi.

"Kun sha mi?"

"Fura, ya Baba."

"Hura? A dajin da babu rijiya? Wa ya dama musu?"

"Haka aka rubuta, Baba. Ga fa nan, da ɗigonta a sama."

Baba ya koma ga shasha, ya ƙura ido. "Wanga ƙaf ne, Ustaz. Ƙura suka sha. Ƙura, har gemunsu ya yi fari." Ya ƙara matsawa. Na ga goshinsa ya tattare. "To ina ɗigon fa ɗin fari? An bar ta tsirara. Sauka ƙasa. Ƙara sauka. Nan ma babu. Nan ma. Kai jama'a, wa ya kwashe wa Malam ɗigogi?"

A ranar na san abin da ya kamata in sani tun ina yarinya. Rubutun da kakana ya taho da shi daga yamma ba irin na makarantarmu ba ne. A wurinsu ƙaf ɗigo ɗaya gare shi a sama, fa kuwa nata ɗigon a ƙasa yake. Mu da muka yi makarantar hukuma, da mun ga ɗigo ɗaya a sama sai mu ce fa, ɗigo a ƙarƙashin wannan harafi kuwa ba mu san da shi ba. Akwai kuma wani ɗigon da ake sawa a ƙasa don wasalin da Larabcin makaranta ba shi da shi, wanda idan babu shi sai ka tsaya kana tunanin kare ake nufi ko kara. Duk waɗannan maigidana ya bi su da magoginsa, shafi bayan shafi, cikin haƙuri da ƙwazo. Ƙudajen Rusairis ba su yi laifin komai ba.

Na juya gare shi. Ni idan raina ya ɓaci da Larabci nake faɗa, Hausa ba ta yi mini sauri. Na rage murya saboda iyaye na ce, "Ina na farkon? Waɗanda ba ka taɓa ba?" Ya ce tab ɗin ta cika, kuma tunda masu tsabtar sun fi kyau, sai ya goge masu dauɗar. Inna lillahi! Mai maktaba ba ya ajiye aikin kowa, takardun suna can Rusairis a naɗe cikin rawani, ɗan baffana kuwa ko da kuka na kira shi ba zai sake hawa mota da su ba. Na gaya wa maigidana maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Na haɗa har da kofin shayi.

Shi kuwa ya durƙusa a gaban angarib, ƙaton mutum da shi. "Ma'alesh, yi haƙuri ya Baba. Wallahi ban sani ba. Na ga ba su yi baƙi kamar sauran ba, na ɗauka datti ne." Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara girgiza. Na ce shi ke nan, mun kawo wa tsoho mahaifinsa mun kuma ƙwace a gabansa.

Ashe dariya yake yi. Ta fashe masa gaba ɗaya, irin dariyar da rabon gidan da ita tun kafin ciwon ido, har yana dukan cinya. "Hura har gemu ya yi fari! Wayyo Malam! Da ka san haka tafiyar za ta yi daɗi da ba ka yi ta kuka a hanya ba!" Inna ta kama, ƙanena ya kama, amarya tana leƙe daga ƙofa ita ma ta kama. Ni kaɗai na rage da fushina a hannu, ban san inda zan ajiye shi ba. Baba ya goge ido da bakin hannun riga ya ce, "Tashi, Ustaz. Gaya mani, abin nan da ya iya sharewa, ya iya sawa?"

Maigidana ya ɗago. "Yana iyawa, Baba."

"To zauna nan kusa da ni. Koma farko."

Haka aka fara. Baba ya karanta kalma, ya miƙa yatsa ya dangwala gilashin shasha, "Nan." Amarya ta runtse ido kamar ita aka taɓa, amma ta haƙura, Allah ya saka mata. Maigidana ya juya alƙalamin daga magogi zuwa tawada, ya ɗiga, ɗigon ya fito a shasha ƙato kamar goro. "Ya yi girma, ba tukunya na ce ka kifa ba." Ya rage. "Matsa dama. A'a, damarka." Ba su gama layi na uku ba Baba ya gaji da aike. Ya miƙa hannu ya ce, "Kawo abin nan."

Aka ɗora masa tab a cinya. Ita ba ya ganinta, amma yana ganin shasha, don haka hannunsa yana ƙasa, idonsa yana sama. Ya riƙe alƙalamin roba da yatsu uku kamar na kara. Ɗigon farko ya faɗa can gefe inda babu harafi. Ya ce, "Subhanallahi, na ɓata." Maigidana ya taɓa wata 'yar kibiya, ɗigon ya ɓace. Baba ya buɗe baki. "Ba wanki, ba kankara? Sake in gani." Ya ɗiga da gangan a wurin banza, aka janye, ya sake, aka janye, yana dariya kamar wanda aka ba sabon abin wasa. Na uku kuwa ya sauka daidai a ƙarƙashin fa. Muka tafa, har da Inna.

Daga nan hannun ya gane hanya. Ya ɗiga, ya karanta, ya ɗiga, ya karanta, har karatun ya koma waƙa bai sani ba. Baitocin da suka zube suna ta dawowa, wani ma kafin a buɗa shi ya riga ya rero shi, sai ya ce, "Ashe nan kake!" Muryar tana shaƙe da farko, daga baya ta washe ta fita ta taga. Wani tsohon maƙwabcinmu ya yi sallama, wai ya zo aron fartanya, ya zauna a bakin ƙofa bai ƙara maganar fartanya ba. Wasu biyu suka biyo shi. Inna, da ta ce ita aiki ya yi mata yawa, tana can wajen murhu, amma duk inda baiti ya ƙare sai mu ji ta karɓi amshi. Ban taɓa sanin ta iya ba.

An yi azahar a gurguje aka dawo. Abincin rana ya huce a tire, babu wanda ya kula sai ƙanena. Maigidana yana zaune a tabarma kusa da ƙafar Baba, aikinsa buɗawa da matsarwa, kuma bayan kowane shafi sai ya adana ya sake adanawa, ya turo mini a waya, ya turo wa ƙanena, yana satar kallona ko na gani. Na gani. Na kawo masa shayi a kofin da na wanke da kyau, na ajiye masa, ya sha bai ɗaga shi a haske ba. Wani wuri Baba yakan tsaya ya ce, "To Ustaz, wanga mi ne?" Shi kuwa ya lanƙwasa harshe ya ce, "Ƙasa, Baba, ba fasa ba." Tsofaffin bakin ƙofa su ce, "Madalla, ya fara zama mutum."

Rana ta yi sanyi ba a ci rabin waƙar ba. Baba ya ajiye alƙalamin yana murza yatsu. Maigidana, da ya ga fuska a sake, ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, ni abin da ya ruɗe ni, tawadar ɗigogin daban take. Rubutun baƙi ƙirin, su kuwa sun koɗe. Me ya sa?"

Baba ya ƙura wa shafin da ke gabansa ido.

"Don ba hannu guda ba ne," ya ce. "Lokacin da Malam ya rubuta wagga waƙa, nashi idon ya fara gajiya. Manyan baƙaƙe yana iyawa, ƙanana sun fi ƙarfinai. Sai ya rubuta shafi ya miƙo mani, ni in bi in sa ɗigo. Ina saurayi, ban iya dafa tawada ba, kullum ruwa ya yi mata yawa. Ya yi ta yi mani faɗa a kai." Ya yi murmushi, amma muryar ta karye. "Tun da aka rufe shi ban ƙara zama gefenai ina wanga aiki ba sai yau."

Maigidana ya sunkuyar da kai, na ga ɗigon ruwa ya faɗo a gilashin tab, ya yi sauri ya goge da hannun riga. Baba ya lalubo kansa ya dafa.

"Aikina ka share, Ustaz, ka maido mani shi in sake. Allah shi yi maka albarka."

Duk ɗakin muka ce amin. Baba ya ɗauki alƙalamin, ya gyara zama, ya ce wa amarya ta yi haƙuri, shasharta za ta kwana biyu a ɗakinsa. Sannan ya karkata kai wajen idon mai gani ya ce, "Buɗo na gaba."